Akaifa a inda ba a saba ganinta ba: abin da ya kamata a sani kafin a ɗauko aska ko zare

Idan mace ta sauka lafiya aka ji kukan jinjiri, abin da kakanni ke fara yi shi ne buɗe ƴan hannuwansa su ƙirga yatsu. Galibi lissafi yakan cika daidai, biyar nan biyar can, kowane yatsa da ƴar akaifarsa a baya. Amma wani lokaci sai a ga abin da ido bai saba da shi ba. A ga yatsa na shida yana lilo a gefen ƙaramin yatsa, da ƴar akaifa kamar ƙwayar gero. Ko a ga yatsa babu akaifa ko kaɗan. Ko akaifa biyu a yatsa guda. Ko kuma wanda ya fi tayar da hankalin iyaye, akaifa ta fito ta cikin yatsa, ɓangaren tafin hannu, inda nama ya kamata a gani.

A nan ne magana ke yawa a cikin gida. Wata ta ce baki ne, wata ta ce uwar ce ta riƙa fita da almuru tana da ciki, wani ya ce a kira wanzami ya cire tun kafin ranar suna kada baƙi su gani. To jama'a, kafin a yanke shawara kan hannun yaro, ya kamata mu san yadda akaifa take fitowa. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa yanka da fizga ba sa raba mutum da ita, kuma zai san lokacin da abin ba na damuwa ba ne da lokacin da ya kamata a nemi likita.

Akaifa tana da tushe

Mu a nan mun fi cewa akaifa, mutanen Kano su ce farce, wasu kuma su ce ƙumba. Duk abu ɗaya ne. An yi ta da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, irin wanda ke cikin gashin kai, da ƙahon saniya, da kofaton doki. Ɓangaren da muke gani muna yankewa ba shi da rai, shi ya sa mai yankan akaifa a kasuwa zai yanke maka ita ba ka ji komai ba.

Mai ran yana ɓoye ƙarƙashin fatar da ke gindin akaifa. Can ne tushenta yake. Dubi babban yatsanka, za ka ga wani ɗan fari mai kama da jinjirin wata a gindin akaifar. Wannan farin shi ne bakin tushen da ya leƙo waje. Tushen ne ke ƙera sabuwar akaifa dare da rana yana turo ta gaba. Ta hannu tana ƙaruwa da kimanin milimita 3 a wata, ta ƙafa kuma ba ta kai rabin haka ba. Idan akaifar hannu ta fita gaba ɗaya, takan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin sabuwa ta cika. Ta babban yatsan ƙafa tana iya cin shekara ɗaya har zuwa shekara ɗaya da rabi.

Ku riƙe wannan da kyau, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: duk inda tushen akaifa ya samu kansa a jiki, nan akaifa za ta tsiro. Idan tushen ya rabu biyu, akaifa biyu za ta fito. Idan babu shi, babu akaifa. Kamar ciyawar da ke da saiwa ce a gona, ko sau nawa ka sare kanta, muddin saiwar na ƙasa za ta dawo.

Tun ciki bai fito ba aka gama tsara hannu

Hannun ɗan tayi yana farawa ne kamar ɗan faifai, yatsun a manne. Tsakanin mako na 6 da na 8 na ciki ne yatsun ke rabuwa. Wajen mako na 10 wurin akaifa yake bayyana a bayan kowane yatsa. Daga nan sai ta riƙa tsiro a hankali, ta kai bakin yatsun hannu wajen mako na 32, ta ƙafa kuma wajen mako na 36. Shi ya sa bakwaini akaifarsa ba ta cika kai bakin yatsa ba, jinjirin da ya wuce lokacinsa a ciki kuma yakan zo da dogayen akaifu har ya yaƙushi fuskarsa.

Ka ga ke nan yawan yatsu da wurin da akaifa za ta zauna an riga an tsara su a watanni uku na farko, lokacin da sau da yawa ko maƙwabta ba su san matar na da ciki ba. Abin da ta gani a hanya a wata na bakwai, ko wanda ta yi wa dariya, ko kasuwar da ta shiga da yamma, ba su da ikon ƙara yatsa ko matsar da akaifa. Ɗora wa uwa laifi a kan wannan zalunci ne kawai a kan mai jego.

Akwai kuma wani aiki da jiki ke yi a waɗannan makonni: bambanta bayan hannu da cikinsa. Bayan hannu shi ke samun akaifa da gashi, ciki kuma ya samu tsoka mai laushi da zanen yatsa. Wasu ƙwayoyin gado ne ke ba da wannan umarni. Idan saƙon ya ɗan karkace a wani yatsa, sai cikin yatsan ya ɗauki halin bayansa, ya fitar da akaifa.

Akaifar da ta ɓata hanya

Likitoci suna da suna na musamman ga akaifar da ta tsiro a wurin da ba nata ba, suna ce mata onikoheterotopiya. Wani likita ɗan Japan mai suna Ohya ne ya fara rubuta bayaninta a 1931. Abu ne da ba kasafai ake gani ba a duniya baki ɗaya.

Wadda aka haifi yaro da ita ta fi fitowa a ƙaramin yatsa, ta ɓangaren tafi. Wani lokaci ƴar ƙarama ce mai tsini kamar ƙaya, tana tsirowa a tsaye. Wani lokaci kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ɗaya a baya ɗaya a ciki, sun rufe kan yatsan kamar bakin kwaɗo. Akwai ma wadda ke zagaye kan yatsa gaba ɗaya kamar an sa masa hula. An taɓa ganin irinta a tafin ƙafa da dunduniya.

Abin da ya sa likita ba ya gaggawar yanka shi ne, sau da yawa ƙashin da ke ƙarƙashin irin wannan akaifa shi ma ba daidai yake ba. Yana iya zama siriri, ko gajere, ko kuma gaɓar ƙarshe ta yatsan ba ta lanƙwashewa. Don haka ake fara ɗaukar hoton ƙashi, wanda mu nan muke ce wa rediyo. Idan akaifar ba ta ciwo, ba ta hana yaro riƙe abu, ana iya barinta a riƙa yanke ta kamar sauran. Idan tana kama tufafi, tana jini, ko tana hana shi riƙe alƙalami, ana yin ɗan ƙaramin aiki a cire ta tare da tushenta duka. Idan aka bar ko ɗan guntun tushe, bayan ƴan watanni za ta sake leƙowa.

Akwai wata lalurar da ke taɓa manuniya, wato yatsan da muke nuni da shi. Likitoci biyu na Japan, Iso a 1969 da Kikuchi a 1974, su suka yi bayaninta, shi ya sa take ɗauke da sunansu. Yaron yakan zo da manuniya mai ƴar mitsitsiyar akaifa, ko ƴan akaifu biyu a gefe da gefe, ko babu ko ɗaya, a hannu guda ko duka biyu. A hoton ƙashi akan ga kan ƙashin ya rabu kamar gwafa. Galibi iyakar abin ke nan, yaron lafiyarsa ƙalau.

Ta biyu, wadda guduma ke haddasawa

Ba kowace akaifar da ta ɓata hanya ce ta haihuwa ba. Akwai wadda rauni ke kawowa, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye a Katako. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san hannu ne jarin mutane: kafintoci da zarto, masu buga kwano da guduma suna ƙera akwati da murhu da bokiti, masu walda, masu sauke ƙarfen gini da katako daga manyan motoci, masu narka alminiyom suna zuba tukwane, ga kuma yara masu koyon sana'a da ke riƙe wa maigida ƙusa. Da wuya a wuni ba a daki yatsa ba.

Idan guduma ko ƙofar mota ko bakin kwano ya murƙushe gindin akaifa, ɗan guntun tushen yana iya ɓallewa ya maƙale a wani wuri cikin naman yatsa. Rauni ya warke, mutum ya manta. Bayan wasu makonni ko watanni sai ya ga wani abu mai tauri yana hudo fata a bayan yatsa ko a gefensa. Ya yanke, ya dawo. Ya fizge da filaya, ya dawo. Wasu su ce ƙaya ce ta karye a ciki, wasu su ce jifa ne aka yi masa. Akaifa ce kawai, tushenta ya canza mazauni. Haka ma wanda kan yatsansa ya guntule aka ɗinke, idan ragowar tushe ta saura, ƴar akaifa mai tsini takan fito a kan dungun tana damunsa.

Abin da ake yi a sa'ar farko bayan rauni shi ke nuna yadda akaifar za ta kasance nan gaba. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a naɗe da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Kada a zuba man birki, ko baƙin mai, ko fetur, ko ruwan batir, ko toka. Waɗannan suna ƙona naman da ya kamata ya haɗe, su lalata tushen. Idan akaifar ta ɓalle, a tafi da ita, domin likita kan wanke ta ya mayar a matsayin murfi har sabuwa ta taso. Idan naman ƙarƙashinta ya tsage, ɗinke shi daidai ne ke sa sabuwar ta fito sumul. Sannan a tambayi allurar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Ƙarfe mai tsatsa da ƙasar kasuwa ba abin wasa ba ne.

Tun da muna maganar kasuwa, ga wata tunatarwa. Masu yawo da almakashi suna yankan akaifa suna da amfani, amma almakashin da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar ciwon hanta mai kawo shawara, wato epatit B da C. Sayen naka abin yankan akaifa ya fi araha nesa ba kusa ba. Kuma kada a bar mai yanka ya riƙa kankare fatar gindin akaifa, ita ce ƙofar da ke tsare tushen. Idan ta buɗe, nan karkare ke samun hanyar shiga.

Cindo

A ƙasar Hausa, akaifar da aka fi gani a wurin da ba a saba ba ita ce ta yatsa na shida. Abin ya zama sananne har muna da suna dominsa. Yaron da aka haifa da shi akan kira shi Cindo, a takardun lekol ka ga an rubuta Tchindo, a Najeriya kuma Chindo. Wasu suna kiran yatsan shidaniya. Tun da har kakanninmu suka mayar da shi sunan da ake kiran mutum da shi a bainar jama'a, ka san ba su ɗauke shi abin kunya ba.

Ilimin likita ma ya tabbatar da abin da idonmu ke gani. Ƙarin yatsa a gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kusan ninki goma a kan Turawa. Ana samun kimanin jinjiri ɗaya a cikin 100 zuwa 300. Yana bin jini, shi ya sa idan aka bincika sai a tarar uba ko kaka ko kawu yana da ɗan tabo a gefen hannu. Yakan kuma tsallake wani ya faɗa kan wani. A mafi yawan lokuta yaron ba shi da wata matsala bayan wannan.

Iri biyu ne. Akwai wanda ɗan nama ne kawai da ke rataye da siririyar fata, wani da ƴar akaifa a kai. Akwai kuma cikakken yatsa mai ƙashi da gaɓa. A gida an saba ɗaure na farkon da zare ko gashin wutsiyar doki har ya bushe ya faɗi, ko wanzami ya sa aska. Gaskiya ko a asibitoci an daɗe ana ɗaurewa da zaren ɗinki. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: komai sirantar wannan fatar, akwai jijiyar jini da jijiyar ji a cikinta. Idan aka ɗaure ko aka yanke a sama-sama, sai a bar ɗan kumburi a gefen hannu, kuma kan jijiyar da aka datse yana iya dunƙulewa ya riƙa zafi duk lokacin da ya gogi wani abu, har girma. Ga haɗarin zubar jini ga jinjirin da jininsa duka bai fi cikin kofin shayi biyu ko uku na gilashi ba. Ga ruɓewa, ga tetanos idan askar ba ta da tsabta.

A hannun likita, irin mai rataye aiki ne na ƴan mintoci da allurar kashe zafi a wurin, a cire shi daga gindi a gyara jijiyar. Mai ƙashi kuwa ba a taɓa shi sai an ɗauki hoto, kuma akan jira yaro ya kai wajen shekara ɗaya. Haka ma babban yatsan da ya rabu biyu, kowane da akaifarsa, ko mai faffaɗar akaifa guda da tsagi a tsakiya. Wannan aikin gwani ne, domin babban yatsa shi ke yin kusan rabin aikin hannu. Idan aka cire ɓari ɗaya ba a gyara jijiyoyi ba, wanda ya saura sai ya karkace. Yatsun da aka haifa a manne, wani lokaci da akaifa ɗaya ta haɗa su, su ma ana raba su galibi tsakanin shekara ɗaya da biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma likita ne zai faɗi ranar.

Lokacin da akaifa ke ba da labarin wani wuri

Dalili na biyu da ya sa bai kamata a yi gaggawar ɓoye abin ba shi ne, wani lokaci akaifa manzo ce. Tana nuna abin da ke faruwa a wata gaɓar da ido ba ya gani.

Akwai lalurar da ke haɗa akaifa da ƙoƙon gwiwa, ana samunta a kimanin mutum ɗaya cikin 50.000. Akaifun, musamman na manyan yatsu, sukan zo ƙanana ko a tsage ko rabi, farin gindinsu kuma maimakon jinjirin wata sai ya yi kusurwa uku. Ƙoƙon gwiwa ƙarami ne ko babu shi, gwiwar hannu ba ta miƙewa sosai. Abin da ya fi muhimmanci, wasu masu ita suna samun ciwon ƙoda da hawan ruwan ido mai kai wa ga makanta. Ƙwayar gadon da ke haddasa ta, wadda aka gano a 1998, tana cikin masu bambanta bayan hannu da cikinsa da muka ambata a sama. Wanda aka gane yana da ita tun yana yaro, awon fitsari da awon jini da duba ido lokaci-lokaci suna iya tsare masa ƙodarsa da ganinsa.

Akwai wata da likitoci biyu, Jadassohn da Lewandowsky, suka bayyana a 1906. Akaifu suna yin kauri ƙwarai kamar kofato tun yaro na ƙarami, idan ya fara tafiya kuma kanta mai zafi ta fito masa a tafin ƙafa. Sau da yawa akan ɗauka cuta ce dangin makero, a yi ta shafa magani shekara da shekaru a banza.

Akwai kuma rukunin lalurorin da ke taɓa akaifa da gashi da haƙora da gumi a tare, domin dukkansu asalinsu ɗaya ne a jikin ɗan tayi. Idan yaro yana da gashi ƙalilan, haƙora sun ƙi fitowa ko sun fito da tsini, akaifu ba su da ƙwari, a lura ko yana gumi. A Yamai, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, yaron da jikinsa ba ya fitar da gumi yana cikin haɗari na gaske. Zazzaɓinsa na iya zama na zafin gari, a yi ta ba shi maganin masassarar cizon sauro ba sauƙi.

A gaggauta kai yaro asibiti idan, bayan matsalar akaifa ko ƙarin yatsa, an ga ɗaya daga cikin waɗannan: leɓɓa ko akaifu suna yin shuɗi, yana haki ko gumi sosai wajen shan nono, ba ya ƙiba, ba ya juyowa idan an yi ƙara, ko kan yatsunsa yana kumbura kamar kan taɓarya akaifar ta lanƙwasa a kai. Waɗannan suna iya nuna ciwon zuciya na haihuwa ko matsalar ji. Kuma ranar zuwa asibiti kada a sa wa yaro lalle a yatsu, domin launin akaifa na cikin abin da likita ke dubawa.

Abin da ba ya buƙatar magani

Kada kuma wannan bayani ya sa kowace uwa ta kwana tana duba yatsun ɗanta da fitila. Akaifar jinjiri siririya ce mai laushi. Ta ƙafa takan lotsa a tsakiya kamar cokali, kuma tana gyaruwa da kanta idan yaro ya girma. Bayan zazzaɓi mai tsanani ko ƙyanda, wani layi kan fito a kwance a kan akaifu, wani lokaci har su ɓare. Tushen ne ya ɗan tsaya da aiki lokacin ciwon, sabuwa na tafe. Ƴar akaifa ta biyu a gefen ƙaramin yatsan ƙafa, mutane da yawa suna da ita ba su ma sani ba. Babban yatsa gajere mai faffaɗar akaifa shi ma gado ne kawai. Ɗigon fari a kan akaifa galibi ɗan bugu ne ya kawo shi. Amma babba, musamman mace mai ciki ko mai shayarwa, idan akaifunta suka lotsa kamar cokali, a auna jininta, yana iya zama ƙarancin jini.

Gado da magunguna

Haihuwar yaro babu akaifa ko ɗaya, hannu da ƙafa, abu ne mai wuyar gani. A 2006 masana suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. Irin wannan sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, su kansu akaifunsu lafiya lau. Shi ya sa ya fi fitowa a gidajen da ake yawan auren zumunci. Idan abin ya maimaitu a cikin dangi, a faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, don bayanin yana taimaka masa.

Wasu magunguna ma idan mai ciki ta sha a watannin farko suna iya sa jinjiri ya zo da ƙananan akaifu da gajerun kan yatsu. Daga ciki akwai maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin, da maganin tsinka jini mai suna warfarin. Giya ma tana yin haka. Amma a kula ƙwarai: mai farfaɗiya kada ta daina shan maganinta da kanta don ta samu ciki, domin faɗuwa ta fi haɗari gare ta da abin da ke cikinta. Ta je wurin likitanta tun kafin ciki ko da zarar ta gane, shi zai san wanda zai canza mata. Maganin tebur da na masu yawo da tire a ka kuwa, mai ciki ta nisance shi, kuma ta fara awon ciki da wuri.

Ina za a nufa a Yamai?

Matakin farko shi ne asibitin unguwa, wato CSI mafi kusa, ko wurin da aka haihu. A nuna wa sashfam ko likita tun kafin ranar suna, a tafi da karnen yaro, a sa su rubuta abin da suka gani. Idan akwai buƙata za su ba da takardar turawa gaba. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, da Asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, da Hôpital Général de Référence suna da likitocin fiɗa. Asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a Yamai a 2010, ya yi suna wajen gyaran ƙashi da gaɓoɓin yara, irin su ƙafar da ta murɗe tun haihuwa, leɓen da ya tsage, da yatsun da ƙunar wuta ta manne. Matsalar akaifa da fata kuma akwai Centre National Dermato-Lèpre. Tun 2006 tsarin ƙasa ya tanadi kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, amma yana da kyau a tambayi abin da ya shiga ciki da wanda bai shiga ba tun kafin ranar aiki, don a shirya.

Tambayoyi huɗu za ku riƙe idan kun shiga wurin likita. Akwai ƙashi a ciki? Akwai wata gaɓa da ya kamata a duba, kamar zuciya, ƙoda, ido ko kunne? Aikin dole ne, ko ana iya bari? Idan za a yi, a wane shekaru ya fi?

Idan kuma likita ya ce a bar shi haka, to a bar shi, a koya wa yaro kada ya ɓoye hannunsa a aljihu. Malaman lekol da na makarantar allo su tsawata wa masu yi masa ba'a. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da lafiyarsa ƙalau, yana rubutu, yana cin tuwo, gobe kuma zai riƙe guduma ko keken ɗinki. Ku iyaye da kakanni da wanzamai da ungozomomi, wanda duk ya fara ganin irin wannan a hannun jinjiri, ya ce a dakata da aska, a kai shi a duba tukuna. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.